Faɗakarwa Ga Masu Neman Digiri Na Biyu Game Da Takardar Aro

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo wa 'ya'yanmu masu neman ƙarin ilimi a wannan yanki namu na Jega da Aliero da Maiyama, wadda na daɗe ina kawar da kai gare ta bisa zaton za ta mutu don kanta, sai ga shi maimakon mutuwa rassa take ƙarawa, har ta kai yaro ba ya jin nauyin ya nuna wa malaminsa ita, balle ya ɓoye wa abokinsa. Ɗabi'ar kuwa ita ce, da zarar an ji wata jami'ar ƙasar waje ko wata hukumar tallafin karatu ta buɗe ƙofar neman gurbin digiri na biyu ko na uku, sai ka ga wata takarda ta fara yawo daga waya zuwa waya a zaurukan WhatsApp, ana cewa wai ita ce wadda wani ya rubuta bara ya ci tallafin zuwa Ingila, kowa ya sauke ta, ya goge sunan mai ita ya sa nasa, ya sauya sunan gari da na fanni, ya tura. Wanda aljihunsa ke da ɗan nauyi kuma sai ya nufi shagon kwamfuta, ya ajiye 'yan dubbai, ya ce wa mai shago, "Maigida, a haɗa mini mai zafi, wadda Bature zai karanta ya girgiza kai," ya wuce sallar La'asar, kafin ya komo an gama rubuta tarihin rayuwarsa da burinsa da dalilin da ya sa yake ƙaunar ilimi, alhali mai shagon bai san ko sunan unguwar da aka haife shi ba.

Ga wanda bai san ta ba, takardar da ake magana gajeren bayani ne, shafi ɗaya ko biyu, wanda mai neman gurbi ke yi game da kansa: abin da ya karanta, abin da ya aikata da shi, abin da yake son ya ƙara, da abin da ya sa ya zaɓi wannan jami'a ya bar sauran. Jami'o'in Ingila da Amurka da Kanada da Jamus galibinsu ba su duban takardun mutum sai da ita. Tallafin Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1983, tambayoyi huɗu yake yi, a kan shugabanci da hulɗa da jama'a da dalilin karatu a ƙasarsu da abin da mutum zai yi in ya dawo. Na Commonwealth yana son a bayyana yadda karatun zai amfani ƙasar mai nema. Asusun PTDF na nan gida da shirin Fulbright na Amurka su ma kowanne da irin tasa. Jami'o'inmu na gida, irin su ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano, sun fi dogara ga fom da sakamakon jarrabawa da shaidar malamai, amma mai neman digiri na uku sai ya kawo tsarin binciken da yake nufin yi, kuma cutar da ta kama waccan takarda ta kama wannan.

Hujjar masu aron takarda, in ka zauna da su, ba ta wuce wannan: "Malam, ai ta riga ta ci wa wani, me zai hana ta ci mini? Kuma Turancinmu bai kai nasu ba." To, wannan magana ita nake son in tsaya a kanta, domin duk wanda ya faɗe ta bai taɓa tsayawa ya yi tunanin wane ne ke zaune a can ɗaya ɓangaren yana karantawa ba. Mai karantawar nan malami ne a sashen da kake nema, ko kuwa ɗaya daga cikin 'yan kwamitin tantancewa, wanda aka jibge wa takardu ɗaruruwa a gabansa, kuma kafin ya zo kan bayaninka ya riga ya ga sakamakonka, ya ga darajar digirinka, ya ga kuma cewa akwai mutane masu yawa daga Legas da Akara da Nairobi da Lahor waɗanda darajarsu daidai take da taka ko ta fi. Abin da ya rage masa, wanda babu wata takardar shaida da za ta gaya masa, shi ne ya san wane ne kai, yaya kake tunani, kuma shin ka san abin da kake nema ko kuwa jirgin sama kawai kake marmari. Takardar da ta ci wa wancan yaro bara, in har gaskiya ne ta ci, ta ci ne saboda ta amsa wannan tambaya game da shi. Ranar da ka goge sunansa ka sa naka, ka cire mata abin da ya sa ta ci, ka bar ɓawo. Kuma kada ka manta ba kai kaɗai ka sauke ta ba. Ka ƙaddara halin malamin da ya buɗe takarda ta farko ya ga mai ita tun yana yaro yake sha'awar kimiyya, ya ga Nijeriya ƙasa ce mai albarkatu amma rashin shugabanci ya dame ta, ya ga maganar nan ta Mandela game da ilimi wadda ta tsufa a bakin masu neman gurbi, sa'an nan ya buɗe ta biyu da ta uku daga jiha guda ya tarar da wannan yarinta, da waɗannan albarkatu, da wannan Mandela. Ba zai ɓata lokacinsa wajen binciken wane ne mai asalin ba. Duka zai ture gefe, kuma abin baƙin cikin shi ne na huɗu da zai zo daga Kebbi, ko da da guminsa ya rubuta tasa, da idon zargi za a fara dubansa.

Wannan fa idon ɗan Adam ke nan, ba a zo ga na'ura ba. Shekaru da dama ke nan jami'o'i suna amfani da manhajoji irin su Turnitin, waɗanda ke gwada rubutu da abin da ke intanet da kuma abin da wasu ɗalibai suka taɓa turawa, su fito da jimlolin da suka yi kama da juna a fili, kowace da inda aka ɗebo ta. Jami'o'inmu na gida ma da yawa sun fara bin kundin ɗalibai da irinsu kafin a yarda a yi jarrabawar baka. Masu Chevening sun faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa suna bin amsoshin masu nema da irin wannan bincike, kuma wanda aka kama da satar rubutu an fitar da shi daga takara. Tun da ChatGPT ya bayyana a ƙarshen 2022 sai wasu suka ga kamar an kawo musu mafita, tunda shi ba ya kwafo takardar kowa, sabuwa yake ƙagowa nan take. Amma sabuwar tasa iri ɗaya ce da wadda ya ƙago wa dubban mutanen da suka yi masa irin tambayarka a wannan mako, da santsin harshe iri ɗaya da rashin gishiri iri ɗaya, domin bai san ka ba, bai san garuruwanmu irin su Kimba ko Andarai ba, in kuma ka matsa masa sai ya ƙirƙiro maka ƙungiyar da ba ka taɓa kafawa ba da marayun da ba ka taɓa ciyarwa ba, kai kuma ka sa hannu a ƙasa cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne.

A ɗauka ma takardar ta tsallake ido ta tsallake na'ura. Galibin manyan tallafin nan ba su bayar da kuɗi sai sun zaunar da mutum sun yi masa tambayoyi baki da baki, kuma daga cikin takardarsa suke tsamo tambayoyin. Ka ce ka jagoranci matasa wajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. To, su nawa ne, a wace unguwa, wa ya ba ku gidan sauron, wace matsala kuka ci karo da ita, yaya kuka warware ta? Wanda ya yi aikin ko cikin barci aka tashe shi zai amsa, har ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba. Wanda mai shago ya yi wa aikin a kan allo kuwa nan gumi zai karyo masa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ga kuma shaidar malaminsa, wanda ya rubuta abin da ya sani tsakaninsa da Allah, cewa yaro ne mai natsuwa wanda ya yi kundinsa a kan ruwan rijiyoyi, alhali takardar aro tana cewa tun shekarar farko zuciyarsa ke wajen makamashin rana. In kuma Allah ya jarrabe shi ya wuce duk wannan, to ya sani digiri na biyu a Ingila yawanci shekara guda ne, rubutu ne tun daga watan farko har zuwa kundin ƙarshe mai kalmomi dubbai, kuma hukuncin satar rubutu a can yana kaiwa ga kora. Wanda shafi biyu game da rayuwarsa ya gagare shi, yaya zai yi da wannan, a ƙasar da ba shi da kawu ba shi da gwaggo, da kuɗin jirgin da wataƙila gona aka jinginar aka biya?

Duk wannan lissafin duniya ne, kuma da shi kaɗai ne da sai in ce kowa ya yi cacarsa. Amma takardar nan shahada ce, mutum ne ke shaida a kan kansa ga waɗanda za su yanke hukunci bisa maganarsa, kuma ba sai na tunatar da ɗan Musulmin da ya tashi a ƙasar Gwandu matsayin shaidar zur a cikin manyan zunubai ba. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya tura hannunsa mai albarka cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne, ya tuhume shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma barranta daga mai algus. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar albasa ta Aliero ya san hukuncin da jama'a ke yi wa wanda ya jera manya a bakin buhu ya cusa ruɓaɓɓu a gindi: sau ɗaya zai ci riba, daga nan dillalai su gaya wa juna, har mutanen garinsu su sha zargin da ba su ji ba ba su gani ba. Sa'an nan akwai haƙƙin wani a ciki, domin guraben nan ƙidayayyu ne, kuma duk wanda ya shiga da ƙarya ya ture wani da ya faɗi gaskiya, wataƙila wata yarinya ce da ta yi makonni tana gogewa tana sakewa da hasken waya. Masu shago kuma, waɗanda sana'arsu ta buga takardu halal ce mai albarka, su ji tsoron Allah su tsaya inda sana'ar ta tsaya; buga abin da mutum ya rubuta daban, ƙaga masa rayuwa a karɓi lada daban.

Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa ba lalaci ne kaɗai ke kai yaranmu ga wannan ba. Mun tarbiyyantar da su, kuma tarbiyya ce mai kyau, a kan kada yaro ya cika cewa "ni" a gaban manya, kada ya ambaci alherin da ya yi, in an yabe shi ya sunkuyar da kai. Tun suna ƙanana suke jin cewa yabon kai jahilci ne. Sai rana ɗaya a ce wa wanda aka rena haka ya cika shafi biyu da "na yi, na iya, na jagoranta," sai alƙalami ya yi masa nauyi, ya ga gara wani ya faɗa a madadinsa. Amma malamanmu sun rarrabe tsakanin fahari da ujubu da riya, waɗanda cututtukan zuciya ne, da kuma bayyana abin da mutum ya iya a wurin da maslaha ta buƙaci a sani. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya ga yunwa na tafe kuma ya san babu wanda zai tsare taskokin Masar kamarsa, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kansu, ya kuma ambaci amanarsa da saninsa a matsayin hujja, kuma malaman tafsiri sun kafa dalili da wannan a kan halaccin mutum ya faɗi cancantarsa ga wanda bai san shi ba idan buƙata ta kama. Bature da ke Landan bai san gidanku ba, babu dattijon unguwa da zai je ya ce masa yaron kirki ne. In ka yi shiru don kunya, shirunka a wurinsa rashin abin faɗa ne.

Kuma ba sai mun tafi Masar ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu, wanda jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 take ɗauke da sunansa yanzu, ya wallafa wani ɗan littafi wajen 1812 mai suna Ida'un Nusukhi, wanda ba kome ba ne a cikinsa face bayanin karatunsa: ya ambaci mahaifinsa da ya karantar da shi Alƙur'ani, da yayansa Shehu Usmanu da aka miƙa shi gare shi yana yaro, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da sauran shaihunansa, kowanne da littattafan da ya ɗauka a wurinsa da fannin da ya amfana da shi. Babu wanda ya taɓa kiran wannan fahari. Isnadi ne, amana ce ta ilimi, kuma saboda shi ne masu tarihi a yau suka san abin da ake karantawa a ƙasar nan kafin jihadi. Haka kuma har gobe ɗalibin da ya tashi daga wani zaure ya je wani, abin da malam zai fara tambayarsa shi ne wa ya karantar da shi kuma ina ya tsaya, shi kuwa ya ce na sauke Ahalari da Ishmawi wurin wane, na yi Iziyya, ina tsakiyar Risala. Ba ya yarda ya ce ya kai Muhtasar alhali bai kai ba, domin ya san malam zai miƙo littafin ya ce ja baƙi. Abin da jami'ar waje ke nema ke nan, ba ƙari: ina ka faro, wa ya koya maka, ina ka tsaya, me kake son ka ɗora. Abin mamaki ne a ce jikokin masu wannan al'ada su ne ke zuwa shago sayen isnadi.

Akwai kuma raina abin gida, wanda a ganina ya fi kunyar illa. Yaro yana zaton mai karantawa ba ya son jin kome sai ɗumamar yanayi da tattalin arzikin duniya da manyan kalmomi, shi ya sa yake ɓoye cewa ɗan manomin albasa ne, alhali wannan ita ce dukiyar da babu wani ɗan Legas da zai yi takara da shi a kanta. Albasar Aliero tana kaiwa kudancin ƙasar nan da ƙasashen maƙwabta, kuma kowa ya san yadda take ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi. Shinkafar fadamunmu ce ta sa aka zo Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin ƙasa a watan Nuwamban 2015, ita ce kuma ambaliyar 2020 ta shanye. Masu ɗorin Aliero ana zuwa wurinsu daga nesa, kuma yadda aikinsu zai haɗu da na asibiti mas'ala ce da ɗalibin da ya faro daga kwalejin kiwon lafiya ta Jega ya fi kowa damar bahasi a kanta. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci Jami'ar Bayero ya kuma riƙe hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, da ya tafi Jami'ar Northwestern a Amurka, kundin digirinsa na uku da ya kammala a 1985 a kan manoma da aikin ban-ruwa na Bakolori ya yi shi, watau ya ƙetare teku ya rubuta a kan abin da ke tsohuwar jiharsu ta Sakkwato, a zamanin da babu intanet ɗin da za a kwafo kome daga ciki.

Waɗansu kuma, da suka guje wa aro, sai suka faɗa bara: takarda tun daga farko har ƙarshe maraici ne da talauci da tafiya makaranta ba takalmi, a rufe da roƙon a taimaka don Allah. Jami'a ba gidan zakka ba ce. In wahalar da ka sha ta bayyana wani abu game da himmarka, kamar cewa da kuɗin ƙwadagon rani ka biya rajista har ka gama, jimla ɗaya ko biyu sun isa, ka wuce ga ilimi. Akwai sauran abubuwan da ke kayar da masu nema, irin su jinkirin takardar sakamako da jarrabawar Turanci da fasfo da malamin da ya manta bai tura shaida ba, amma waɗannan kowa ya san maganinsu.

To, yaya za a yi? Farkon abu dai lokaci. Takardar nan ba ta dare ɗaya ba ce, wanda yake nufin nema a ƙarshen damina ya fara tun ruwa bai sauka ba, kuma ya fara da karatu kafin rubutu: ya buɗe shafin sashen da yake so, ya karanta darussan da ake koyarwa ɗaya bayan ɗaya, ya duba malaman wurin da abin da kowannensu ke bincike a kai, in da hali ya nemo muƙala ɗaya ta ɗayansu ya yi muɗala'arta har ya fahimta. Da yawa daga masu rubuta cewa jami'ar kaza "shahararriya ce a duniya" ba za su iya ambaton darasi ɗaya da ake yi a cikinta ba, kuma jami'ar ta riga ta san ta shahara, ba ta buƙatar ɗan garin Sambawa ya ba ta labari. Abin da take so ta ji shi ne, darasi kaza da malam wane ke koyarwa a kan adana amfanin gona bayan girbi shi ne ya dace da matsalar da na taso da ita. Daga nan ya karanta tambayar da aka yi masa sau da yawa, domin wanda aka tambaya shugabanci ya amsa da tarihin haihuwa ya faɗi tun bai fara ba, ya kuma kiyaye adadin kalmomin da aka yanka masa kamar yadda yake kiyaye adadin raka'o'i.

Shawarata ga wanda Turanci ke yi wa nauyi ita ce ya fara da Hausa. Ya sami takarda ya zauna bayan sallar Asuba, ya rubuta wa kansa amsar waɗannan da harshen da yake tunani da shi: mene ne na yi da hannuna wanda zan iya kawo shaida a kansa, wane abu ne ya gagare ni saboda ƙarancin sani, kuma in na sami wannan sani ina zan kai shi? Idan ma'ana ta tsaya da ƙafarta a Hausa, mayar da ita Turanci mai sauƙi ba wuya ba ne, kuma Turanci mai sauƙi shi ake so; jimla gajeriya mai ɗauke da abu ta fi doguwa mai ɗauke da iska, kuma babu kwamitin da ya taɓa ba mutum gurbi saboda ya sa su buɗe ƙamus. A ɗauka ga wani yaro ɗan Kashin Zama da ya karanta aikin gona. In ya rubuta cewa yana da matuƙar sha'awar bunƙasa noma don ci gaban Afirka, bai ce kome ba, mutum dubu sun riga shi. In kuwa ya rubuta cewa mahaifinsa kan ajiye albasa a rudu yana jiran tsada, kashi mai yawa ya lalace kafin lokacin, cewa wannan ne ya sa a kundinsa na shekarar ƙarshe ya gwada hanyoyin ajiya iri biyu ya auna nauyin da kowace ta rasa mako-mako, cewa ya gano abu kaza amma ya kasa bayyana dalilinsa domin bai san ilimin cututtukan tsiro sosai ba kuma ba su da na'urar auna danshi, cewa wannan giɓi ne ya kawo shi, to ya gama rabin aiki, kuma malamin da ya karanta zai tuna da shi har bayan ya tashi daga ofis. Haka malamar firamare a Mungadi da ta lura da watan da 'yan mata ke daina zuwa aji ta kuma gwada wata dabara ta dawo da su, haka ma'aikacin asibiti a Jega da ya riƙa rubuta adadin masu karaya da suka zo bayan sun fara zuwa wurin ɗori. Kada kowa ya ce bai yi kome ba. Shekarar hidimar ƙasa, da koyarwa a Islamiyya, da riƙe asusun ƙungiyar unguwa ba tare da kobo ya ɓata ba, duk ayyuka ne, in an faɗe su da adadinsu na gaskiya, ɗalibai kaza, wata kaza, ba tare da an hura su ba.

In akwai tabo a sakamakonka, kamar shekarar da ka faɗi darussa saboda jinya ko rasuwa, ka ambace shi a taƙaice ka nuna yadda ka miƙe daga baya, domin sun riga sun gani, kuma shirunka zai bar su su yi masa tafsirin da suka ga dama. Wajen abin da za ka yi in ka dawo kuma ka ji tausayin mai karatu, kada ka ce za ka kawar da talauci daga Nijeriya ko za ka zama minista. Ka ambaci wurin da ƙafarka za ta iya takawa, sashen da za ka koma koyarwa, ko ƙungiyar manoman da za ka yi aiki da ita, da abin da kake fatan ya sauya cikin 'yan shekaru. Masu Chevening sharaɗi ne a wurinsu mutum ya koma ƙasarsa shekara biyu bayan gamawa, kuma suna da hancin shinshino wanda niyyarsa ta zama ce can.

Neman taimako ba laifi ba ne, iyakarsa ce abin kiyayewa. Ka kai wa malamin da ya duba kundinka, ka kai wa wanda ya taɓa yin irin wannan karatu, ka kai wa malamin Turanci ya gyara maka nahawu da rubutun kalmomi. Su nuna maka inda ka yi duhu, inda ka maimaita, inda ka yi da'awa ba hujja, kai kuma ka koma ka gyara da hannunka. Ma'aunin shi ne, duk jimlar da ba za ka iya tsayawa ka yi sharhinta da bakinka ba in an tambaye ka, ba taka ba ce, cire ta ko da ta fi sauran kyau. A nan ina da magana da 'yan'uwana malamai: idan yaro ya kawo muku takarda, ku karanta ta da gaske, kada ku ce "ta yi" don ku sallame shi, kada kuma tausayi ya sa ku karɓe alƙalamin ku rubuta masa, ku zaunar da shi ku yi ta tambayarsa har abin da ke cikinsa ya fito, sau da yawa za ku tarar da labarin da ya fi na takardar aro nesa ba kusa ba, yana ɓoye shi don yana ganin na ƙauye ne. Iyaye kuma, waɗanda ke ba da kuɗin shago da kyakkyawar niyya, gara su ba da shi a sayi data a karanta shafin jami'a.

Kowace jami'a a yi mata tata, ko da gangar jikin ɗaya ce, kuma a duba sunan da ke ciki kafin a tura, domin ba sau ɗaya ba an ga takardar da aka aika wa wata jami'a tana rantsuwa cewa babu inda mai ita yake so duk duniya sai wata jami'ar daban. A karanta ta da ƙarfi a ji inda harshe ke tuntuɓe. A ajiye kwafinta a waya da kuma a takarda, a riƙa bitarta kafin ranar ganawa. Sa'an nan kada a jira ranar ƙarshe, domin mun san halin wutarmu da halin sabis ɗinmu, kuma shafukan nan kan cushe a sa'o'in ƙarshe saboda duniya duka ta taru a kansu. A tura da sauran kwana uku ko huɗu. A kuma lura da agogon da aka yanka wa'adin da shi: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan daidai yake da namu, daga nan zuwa Maris kuma muna gabansu da sa'a guda, na Amurka kuwa ya bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka a duba abin da aka rubuta a gefen lokacin, a lissafa shi da agogon Nijeriya, a rubuta a bango.